Mai Gyaran Ƙashi, Babu Ƙugiya

A tashar Nguru, idan ka tambayi gidan Laminu mai ɗori, kafin a nuna maka hanya sai an ba ka labarinsa. Direbobi suna cewa hannunsa yana gani, wai idan ya ɗora yatsu uku a kan ƙafar da ta karye ya san inda ta rabu tun ba a kawo hoton asibiti ba. Masunta a bakin kogin Gashua suna cewa ya taɓa ɗora wa mutum guda ƙafa sau biyu, na farko yana saurayi, na biyu yana da jikoki, kuma har yau mutumin yana tura kwalekwale. Matan unguwarsu kuwa abin da suke faɗi daban ne. Sun ce tunda aka haifi Laminu ba wanda ya taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa. Idan ya ɓata maka rai sai ya aiko maka da busasshen kifi. Idan ya yi maka faɗa a kan abin da ba ka yi ba, washegari za ka gan shi a ƙofar gidanka yana tambayar lafiyar akuyarka. Amma kalmar nan, a'a.

Duk gaskiya suka faɗa. Ni ƙanwarsa ce, Safiyatu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kifin nan na ci shi ya fi sau goma.

Ban shiga ajin boko ba sai da na kai shekara arba'in da shida. Lokacin da sa'o'ina suke tafiya makaranta, ni ina zauren babanmu, Malam Modu, wanda Yaya ya gaji ɗori a wurinsa. Ni nake yanka karan dawa daidai tsawon ƙashin da ya karye, ni nake riƙe ƙafar mata idan za a ja, ni nake narka man shanu. Ba a magana da ni, amma duk abin da Baba ya faɗa wa Yaya ina ji. Allo na yi har izu biyar. Bayan mijina ya rasu a Gashua, 'ya'ya sun kama gabansu, sai na ɗauki jaka na shiga ajin manya.

A ajin nan na fara sanin akwai abin da ake kira ƙugiya. Mu a gidanmu Barebari ne, da Kanuri muka buɗe baki, Hausa a kasuwa muka same ta. Harshenmu ba ya bambanta k da ƙ, ba ya bambanta d da ɗ. Malaminmu ya yi ta zagaye mini su da jan biro har littafina ya zama kamar mai ƙyanda. Da ido na fara koyon ƙugiya kafin kunnena ya ji ta, shi ya sa har yau idan ta faɗi daga kalma nakan gani tun daga nesa. Duk maganar Yaya da za a karanta a nan na sa mata ƙugiya ne saboda haka aka koya mini. Shi ba ya faɗa da ita.

Bayan na gama ajin manya na shiga wata cibiyar koyon kwamfuta a hanyar jami'a. Malama Rahima ce take koyar da mu, mace mai sauri, da ƙyar ta kai shekarun 'yata ta fari. Ta ce aikin ƙarshe kowa zai gina wa kansa shafin intanet, nasa na kansa, ya kuma nuna wa aji.

Na ce, "Malama, ni ba ni da abin da zan faɗa a kaina."

"Iya, kowa yana da shi."

"To a bar ni in yi wa yayana."

Ina da dalili. Mutane suna tahowa daga Karasuwa, daga Katuzu, har daga tsallaken Nijar, da karaya a bayan akori-kura, su sauka a tasha a kai su wani gidan a ce musu nan ne gidan Laminu. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa Malama. Akwai wanda ban faɗa ba. Tun da na fara karatu Yaya bai taɓa tambayata me nake koyo ba. Idan na je Nguru da littafi sai ya ce, "Ɗalibai sun iso," ya ci gaba da abin da yake yi. So nake ya ga wani abu da karatun nan ya yi, ya yarda karatu ne.

Malama Rahima ta yi mana bayani da kasuwa. Ta ce shafi kamar rumfa yake. Akwai sunan da ake rubutawa a allon rumfa, shi ne adireshi, shi mutum zai danna a wayarsa ya iso. Akwai kuma filin da rumfar take kai, shi ake kira masauki, wata kwamfuta ce a wani wuri da ba ta kwana, ana kama wuri a cikinta shekara-shekara. Ta ce fili ana iya sauya shi ba wanda zai sani, amma suna idan ya shiga bakin mutane ya shiga, saboda haka a zauna a yi tunani kafin a zaɓa. Ta ƙara da cewa a bar ƙugiya a gida, domin wurin da muke yin rajista ba ya karɓarta, ko da ya karɓa ma wayoyin mutane da yawa ba su da ita.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Nguru. Na tarar da Yaya a zaure yana kwance wa wani dattijo ɗori a hannu, mutum huɗu suna jiran layi a kan tabarma. Bappayo yana gefe da sandarsa. Bappayo Bafulatani ne, dillalin shanu, shekara talatin suna zagin juna da Yaya irin na Fulani da Barebari, kuma ba a taɓa kwana uku ba su haɗu ba.

Na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni. Yaya ya saurara fiye da yadda na zata.

Ya ce, "Wato kowa ya danna zai ga gidan nan?"

"Zai ga hoton ƙofa, da lambar waya, da kwatancen hanya daga tasha."

"To a yi. A sa Mai Gyaran Ƙashi."

"Na ce ko a sa sunanka da mai ɗori."

"Masu ɗori sun kai bakwai a garin nan, har da wanda jiya-jiya yake sayar da rake. Mai gyaran ƙashi ɗaya ne."

Na rubuta a tafin hannuna yadda zai fito a adireshi, a haɗe, babu ƙugiya. Ina gani na gane abin da zai zama.

Na ce, "Yaya, adireshi ba ya ɗaukar ƙugiya. Idan ta faɗi, kalmar za ta koma wata."

"Wace?"

Na dubi dattijon da ake kwance wa hannu, na dubi maza huɗun da ke tabarma, na dubi Bappayo. Ba a yi mini tarbiyyar da zan buɗe baki in ambaci abin da ake yi a bayan gida a gaban maza ba.

Na ce, "Wadda ba ta da kyau."

Yaya ya yi dariya. "Shekara arba'in ina faɗar sunan sana'ata babu wata ƙugiya, ba wanda ya taɓa kawo mini abin da ba ƙashi ba. Ko an taɓa, bawana?"

Bappayo ya ce, "Ai Hausar Babarbare ko an gyara ba ta gyaruwa. Ka bar yarinya ta yi yadda aka koya mata."

"Kai kuma da taka Hausar ta bayan shanu? Safiya, abin da na ce shi za a sa."

Gaskiyarsa ta wani gefen. A baki kalmomin biyu ba sa haɗuwa ko a bakin Babarbare, domin ɗaya ana jan ta, ɗaya ba a ja. A rubuce ne ba a ganin ja, ƙugiyar nan kaɗai ce take tsaye a tsakaninsu. Na san haka, amma ban san yadda zan faɗa masa ba. Ranar Litinin na yi rajistar maigyarankashi. Malama Rahima ba ta nan ranar, ta je gaisuwar rasuwa, kuma da ta dawo ban nuna mata ba.

Aikin shafin kansa kuwa, ko yanzu ba na jin kunyar a duba shi. Mako biyar na yi a kai. Malama ta ce mu tuna yawancin masu buɗewa da waya za su buɗe, ba da kwamfuta ba, sai na riƙa gwada komai a tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi. Hotuna huɗu kawai na sa, na rage musu nauyi har sai da na hau acaba na je bakin fadama, inda sabis yake sanda ɗaya, na ga shafin ya buɗe kafin in ƙirga goma. Lambar waya na sa ta a can sama da manyan baƙaƙe, domin wanda ɗan'uwansa yake kwance da karaya ba ya da lokacin neman lamba. Ban sa fuskar majinyaci ko ɗaya ba. Na sa hannun Yaya yana jera kara, da ƙofar gidan mai shuɗin fenti, da bishiyar darbejiyar da ake juyawa a gindinta. Kalmar sirri na rubuta ta a takarda na sa a cikin akwatin da nake ajiye takardun gida, tare da ranar da za a sabunta masauki. Kwafin shafin gaba ɗaya kuma yana cikin filashi, ɗan abin ajiyar kwamfuta, a jakata.

Akwai wani ɓangare da ba wanda ya ce in sa. Na kira shi Abin da Malam Modu yake cewa. Na zauna na tuno maganganun Baba a zaure, na rubuta su da Hausa mai sauƙi. Na farkonsu na ɗauko shi na sa a fuskar shafin da jan rubutu, ƙasa da lambar waya: idan ƙashi ya huda fata ya fito, ko jini yana zuba, ko an bugu a kai, a fara zuwa asibiti, ɗori yana iya jira.

Yaya ya sa aka buga kati mai yawa da adireshin a jiki. Ya kira mai fenti ya rubuta shi a katanga. Ranar kasuwa ya ba direbobi katunan suka raba. Kwana uku yana tare mutane yana cewa, "Danna ka gani." Na ji labarin a Gashua, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, har na fara cewa a raina wataƙila ba wanda zai lura.

A rana ta huɗu wani ya ɗauki hoton katangar ya sa a wasaf. Kafin la'asar ya zaga Nguru, ya zo Gashua, har ni aka turo wa, wanda ya turo bai san ni na yi ba. Aka fara kiran lambar nan da na sa a sama da manyan baƙaƙe. Wani ya ce masan gidansu ta cika, yaushe za a zo. Wani ya ce nasa ya yi tauri, ko ana gyara irin wannan. 'Yan acaba idan sun wuce ƙofar gidan sai su danna hon su toshe hanci. Mutumin da ake tashi tsaye idan ya shigo masallaci, shi ne ya koma yana shiga ta ƙofar baya.

Ranar Asabar aka yi sunan jikarsa. Na je, domin rashin zuwa ya fi zuwan muni. Muna tsakar gida da mata, surukai sun zo daga Karasuwa, ana rabon waina, sai ga Yaya a bakin ƙofar shigowa. Bai saba leƙo wurin mata ba, shi ya sa kowa ya juyo.

Ya ce, "Safiya tana nan?"

"Ga ni, Yaya."

"Kin ga abin da karatun tsufa yake jawowa? Sunan da Baba ya bar mana, shekara nawa, kin zubar da shi a mako ɗaya. Da an bar ki kina yanka kara da ya fi mana. Ki je ki goge abin nan yau."

Ya juya. Wata a cikin surukan ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali don kada a ga bakinta. Na gama zuba wainar da ke hannuna a kwano, na wanke hannu, na yi wa mai jego sallama, na tafi tasha. Daga Nguru har Gashua ina kallon gonakin shinkafa ta taga, ban ga ko ɗaya ba.

Ranar Litinin na faɗa wa Malama Rahima komai. Ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa, sannan ta dube ni ta daina.

Ta ce, "Iya, kawo in gyara miki, minti goma ne."

"A'a. Ki dai gaya mini, ana iya sa tsohon suna ya riƙa kai mutum sabon?"

"Ana iyawa. Amma ba gogewa ya ce a yi ba?"

"Idan na saki sunan, wani zai iya kama shi?"

"Idan wa'adinsa ya ƙare, kowa ma."

"Ya sa abin da ya ga dama a ciki?"

Ta gyaɗa kai.

Na ce, "To ba zan sake shi ba."

Wannan karon ban zaɓi suna ni kaɗai ba. Na rubuta guda biyar a ƙananan takardu, a haɗe, babu ƙugiya, yadda za su fito a waya, na shiga kasuwa. Na ba Karima mai barkono, Babadiya ce, harshensu daban da namu, ta yi sakandare, na ce ta karanta da ƙarfi. Na ba wani Bakano mai atamfa. Na ba wani malamin firamare Bafulatani da ya zo sayen gishiri. Da Karima ta zo kan dorinlaminu sai ta ce, "Dorinar Laminu? Dukan mutane yake yi?" Na yaga wannan. Guda ɗaya ne duka ukun suka karanta daidai ba tare da sun yi murmushi ba: gidanlaminu. Na yi rajistarsa, na mayar da shafin can, na sa tsohon adireshin ya zama ƙofar baya, duk wanda ya danna shi sai ya tsinci kansa a sabon.

Bappayo ne ya zo da saƙo ranar kasuwar Gashua. Ya zauna a ƙofar gidana ya sha ruwa.

Ya ce, "Babarbaren ya ce har yanzu abin yana buɗewa."

"Zai ci gaba da buɗewa. Katunan nan sun riga sun tafi ƙauyuka, ba mai dawo da su. Wanda ya karye a Katuzu kati ne a hannunsa, ba dariya ba. Ka gaya masa haka na ce."

Bappayo ya dube ni da kyau. "Haka zan faɗa? Kin ce ba za ki goge ba?"

"Haka."

"Shekara talatin ina neman wanda zai ce masa a'a, ashe a gidansu yake."

Bayan mako uku sai ga kwali daga Nguru, direba ya sauke a ƙofa. Tun kafin in buɗe na ji ƙamshin. Busasshen tarwaɗa ne, manya, irin wanda ake zaɓa ɗaya-ɗaya. Na zauna ina kallon kwalin. Na san abin da yake nufi, na kuma san idan na dafa shi magana ta ƙare, za mu gaisa a biki kamar ba a yi komai ba, karatuna kuma ya tabbata karatun tsufa.

A zaunen nan ne abin da ya kamata in faɗa masa tun a zaure ya zo mini. Yaya ba ya karanta boko sosai, amma ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta allo da hannu mai kyau. Na ɗauko takarda na rubuta da ajami. A layin farko na sa ƙalbu da kalbu, zuciya da kare, waɗanda ba abin da ya raba su sai harafin farko, ɗaya ƙaf mai ɗigo a sama, ɗaya kaf. Kowane mahaddaci ya san wanda ya musanya su ya yi ɓarna babba. A layi na biyu na rubuta ƙashi da ƙaf, na rubuta ɗayar da kaf. Abin da bakina ya kasa a gaban maza, alƙalami ya iya. A ƙasa na ce: ƙugiyar boko ita ce wannan. Na ninke takardar na sa a saman kifin, na ɗaure kwalin, na mayar wa direban.

Ya ce, "Hajiya, kuskure aka yi? Ba nan ba ne?"

"Nan ne. Ka mayar masa."

Wata guda ban ji daga Nguru ba. Abin da ya faru a can daga bakin Bappayo na ji shi daga baya. Ya ce Yaya ya buɗe kwalin, ya karanta takardar, ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa a aljihu. Washegari ya kira mai fenti ya shafe katangar ya rubuta sabon suna. Ana nan sai wata mata, Nana Khadija, ta kawo mijinta daga Katuzu. Akori-kura ce ta kife da su da buhunan barkono makonni kafin nan, ƙashin ƙwaurinsa ya huda fata. Ta ce a ruɗewar nan ba abin da ta iya tunawa sai sunan nan da aka yi ta dariya a kansa. Ta danna shi, ya kai ta shafin, ta ga jan rubutu, sai ta ce wa direba ya juya zuwa asibiti. A can aka wanke ciwon aka yi abin da za a yi. Yanzu ta kawo shi ne Yaya ya duba tafiyarsa, ta kuma yi godiya.

Bappayo ya ce Yaya ya tambaye ta, "Wane jan rubutu?"

Ta karanta masa. Ya ce ta ci gaba. Ta buɗe ɓangaren Malam Modu ta karanta masa duka, yadda ake auna kara da lafiyayyar ƙafa ba da karyayyar ba, yadda ake barin yatsu a waje don a ga launinsu, yadda ba a ɗaure wa mai kumburi da ƙarfi ranar farko. Wai da ta gama sai ya ce, "Wannan na ukun ni kaina na manta Baba ne ya faɗa." Bappayo ya ce masa, "Safiya tana yanka kara tana ji. Ranar nan ma ta faɗa maka, ina zaune, kai ne ba ka ji ba." Wai ko zagin Fulani bai rama ba.

Ranar nuna aiki ta zo, wata Alhamis da hantsi. Mu goma sha biyu ne a aji, kowa ya gayyato nasa. Ni ban gayyaci kowa ba sai Karima. Malama Rahima ta haska shafina a bango, na tashi na tsaya a gaba da sandar nuni. Na nuna musu lambar waya a sama, na faɗi dalili. Na nuna hotunan, na faɗi yadda na je fadama na gwada. Wani ɗalibi mai shagon magani ya ɗaga hannu yana danne dariya, ya ce ba wannan ne shafin da aka yi ta yawo da shi ba?

Na ce, "Shi ne. Shi ya sa nake ba ku shawara, kafin ku yi rajistar suna ku cire masa ƙugiya, ku haɗe shi, ku ba mutum uku masu harshe daban-daban su karanta da ƙarfi. Idan ɗaya ya yi murmushi, ku yaga."

Aka yi dariya, aka tafa. Malama Rahima ta rubuta abin da na faɗa a allo, ta sa sunana a ƙasa.

Sai a lokacin na lura da ƙofa. Bappayo ne a tsaye da sandarsa, bayansa kuma Yaya, cikin babbar rigar da yake sawa ranar idi. Ban san tun yaushe suke wurin ba. Hannunsa babu kwali, babu leda.

Malama ta ce, "Baba, bismillah, ga kujera."

Ya ce, "A'a, 'yata, a tsaye zan yi." Ya shigo har tsakiyar ajin, ya dubi bangon da hoton hannunsa yake, ya dubi mutane. "Ni ne Laminu. Wancan sunan ni na zaɓa. Ta ce mini kada a sa, na ƙi ji. Sannan na tsaya a gaban mata da surukai na ce karatunta ne ya jawo."

Ya taɓa aljihunsa, na ga bakin takardata ya leƙo. Ya buɗe baki ya rufe.

Bappayo ya ce, "Ƙarasa mana, bawana. Ba ƙashi ba ne, ba zai maƙale maka ba."

Yaya bai ko dube shi ba. Ya juyo gare ni. Abin da ya faɗa zan rubuta shi yadda ya fito daga bakinsa, ba zan sa masa ƙugiya ba.

"Safiya, karatunki karatu ne. Ni na yi laifi. Ki yi hakuri."